Wace manhajar gyaran hoto ta kyauta ce ta dace da sabon shiga?

Safiya: Assalamu alaikum. Don Allah shawarar masana nake nema. Ina son in fara koyon gyaran hoto a kwamfuta, kuma manhaja ta kyauta nake so, wadda ba za ta manna tambarinta a jikin hoto ba, ba kuma wadda za ta tsaya bayan mako guda ta ce sai an biya ba. Abubuwan da nake son yi su ne datse hoto, rage masa nauyi don ya shiga fom na intanet, gyara haske, cire bayan hoto, da ɗora rubutu. Kwamfutar tana da Windows 10 da RAM 4GB.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam, Malama Safiya. Duk abin da kika lissafa GIMP za ta yi shi. Kyauta ce ta gaskiya, babu talla, babu tambari, babu wa'adi, kuma lasisinta ya yarda ki yi sana'a da ita. Ɗalibai biyu ne, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara ta a 1995 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, har yanzu kuma ana ci gaba da inganta ta. GIMP 3.0 ta fito a watan Maris na 2025, tana buƙatar Windows 10 ko sama, don haka taki za ta ɗauka. Ki sauke ta daga shafinsu na ainihi, gimp.org, kada ki bi ta wani wuri.

Abu na farko da ke rikita sabon shiga shi ne ajiya. Idan kika danna Save, fayil mai ƙarshen XCF za ki samu, wanda waya ba ta buɗewa, fom ɗin intanet ma ba ya karɓa. XCF fayil ɗin aiki ne, yana riƙe da duk sassan aikinki don ki dawo ki ci gaba. Hoton da za ki tura wa mutane kuwa ta File, sai Export As ake fitar da shi, ko ki danna Shift da Ctrl da E tare, ki rubuta sunan da ƙarshen jpg ko png. Tun daga GIMP 2.8 a 2012 aka raba waɗannan biyun.

Lawal: Malam, ban ƙi taka ba, amma ina ganin GIMP ta yi wa mai farawa yawa. Allonta cike yake da kayan aiki, mutum zai ɓata mako yana neman inda abu yake kafin ya gyara hoto ɗaya. Ni Paint.NET zan ce ta fara da ita. Rick Brewster ne ya fara ta a 2004 yana ɗalibi a Jami'ar Jihar Washington. Ba ta da nauyi, tana buɗewa da sauri, komai a fili yake. Ctrl da R na rage girma, Ctrl da L na gyaran haske, sandar zaɓe da ake kira Magic Wand na cire baya mai launi ɗaya.

A kula da abu biyu. Sunan shafin getpaint.net ne. Sannan wadda ke cikin Microsoft Store ta sayarwa ce, ta shafin nasu ita ce kyauta, kuma aikinsu ɗaya. A Windows kaɗai take aiki. Mai Linux ko Mac sai ya duba Pinta, wadda aka gina a kan irin tsarinta.

Malam Habibu: Sauƙin gaskiya ne, Malam Lawal, amma dubi jerin da ta kawo. Biyu daga cikin biyar ɗin a nan Paint.NET ke gazawa. Rubutu a Paint.NET, da zarar ka kammala shi ya zama hoto, ba ka iya komawa ka gyara harafi ɗaya, sai dai ka goge ka sake. A GIMP rubutu yana zama a matsayin rubutu, gobe ma ka danna shi ka canza kalma ko launi. Na biyu, Paint.NET ba ta zo da mayafin leya ba, kuma shi ne hanyar cire bayan hoto ba tare da an lalata asalin ba. Wanda ya fara da ita, wata biyu zai yi ya fara neman wata.

Lawal: Na yarda da batun rubutun. Maganinsa a sa kowane rubutu a leyarsa daban, in an yi kuskure a goge leyar kaɗai. Amma dai na tsaya a kan cewa wanda ya gyara hoto a ranar farko ya fi wanda ya gaji ya rufe kwamfutar.

Safiya: Na gode ƙwarai. Amma don Allah mene ne leya, mene ne kuma mayafin?

Anti Binta: Ƙanwata, ki ɗauka takardun leda ne masu garai-garai aka jera ɗaya kan ɗaya. Hoton yana kan ta ƙasa, rubutu a kan ta biyu, tambari a kan ta uku. Idan kika duba daga sama hoto ɗaya za ki gani, amma kowace za ki iya matsar da ita, ki ɓoye ta, ko ki cire ta ba tare da kin taɓa sauran ba. Kowace ɗaya ita ce leya. Ƙa'idar farko da za ki riƙe: kina buɗe hoto, ki kwafi leyarsa, a GIMP Shift da Ctrl da D, ki yi aiki a kan kwafin.

Mayafi kuma abu ne da ake lulluɓa wa leya. Inda kika shafa baƙi a jikinsa, wurin ya ɓuya. Inda kika shafa fari, ya bayyana. Babu abin da aka goge, ɓoyewa kawai aka yi. Ga yadda ake cire bayan hoton mutum da shi: ki shiga Layer, sai Mask, sai Add Layer Mask, ki zaɓi White. Ki ɗauki burushi, ki danna D don launukan su koma baƙi da fari, ki fara shafa baƙi a kan bayan. Da babban burushi za ki share nesa, sai ki kusanto da hoton zuwa kashi 200 ko 300 ki bi gefen jiki da ƙaramin burushi mai laushin baki. Idan kin ci kunne ko kafaɗa, danna X, launin ya juya fari, ki shafa wurin ya dawo. Ki tuna ki rufe idon leyar ƙasa, wato alamar ido da ke gefenta a jerin leyoyi, in ba haka ba za ki yi ta shafawa ba ki ga canji ba, domin asalin hoton ne ke leƙowa ta ƙasa.

Idan bayan launi ɗaya ne, kamar farin bango, akwai gajeriyar hanya. Layer, Transparency, Add Alpha Channel tukuna. Wannan matakin shi ake yawan tsallakewa: hoton JPEG ba ya zuwa da damar zama wayam, in ba ki ƙara ba, kina gogewa sai wurin ya cika da launi maimakon ya zama fanko. Sai ki danna U don Fuzzy Select, ki taɓa bangon. Lambar Threshold tana farawa a 15. In bai kama duka ba ki ɗaga zuwa 25 ko 30, in ya fara cin tufafi ki rage. Kafin ki danna Delete, ki shiga Select ki yi Grow da fiksel 1 (fiksel su ne ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto), sannan Feather da 1 ko 2, shi ke hana wannan farin zaren da ke zagaye mutum. Kin ga ƙananan murabba'ai masu launin toka sun bayyana, to wurin ya zama wayam.

A PNG za ki fitar. JPEG ba ya riƙe wayam, zai cike miki shi da launi, aikin ya tashi a banza.

Jamilu: Ƙari a kan na Anti: in sa hannu ne ko tambari a kan farar takarda, ba sai an yi duk wannan ba. Colors, sai Color to Alpha, a bar shi a fari, farin duka ya tafi lokaci ɗaya. Amma kada a yi wa hoton mutum, zai cinye farin ido da haƙora da hasken fuska.

Akwai kuma zaɓi na uku da ba a ambata ba: Photopea. Ba a girka ta, a burauza ake buɗe ta. Ivan Kutskir ne ya ƙirƙira ta a Jamhuriyar Cek, tun 2013. Tsarinta da maɓallanta kusan irin na Photoshop ne, tana buɗe PSD, wato fayil ɗin aiki na Photoshop, da XCF, tana da leya da mayafi da rubutun da ake iya gyarawa. Amfanin wannan shi ne yawancin darussan bidiyo na Photoshop ne, mai Photopea zai iya bin su kusan mataki-mataki. Aikin a kan kwamfutarka ake yin sa, ba a tura hoton wani wuri. Kuɗin da kake biya shi ne tallan da ke gefen allo.

Malam Habibu: Photopea tana da kyau, amma a kan RAM 4GB, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da ke buɗe, a yi lissafi. Hoton kyamara mai megafiksel 12, wato 4000 sau 3000, ko da nauyinsa a folda 3MB ne, idan aka buɗe shi warware shi ake yi: fiksel miliyan 12, kowane da bayit 4, kusan 48MB ke nan ga leya ɗaya. Leya biyar 240MB, ban da tarihin da ake ajiyewa don komawa baya. Windows da burauzar sun riga sun cinye fiye da rabin RAM ɗin. Shi ya sa shafin ke iya daskarewa, kuma in ya rufe ba ka ajiye ba, aikin ya tafi. Wanda zai yi amfani da ita ya rufe sauran shafuka, ya riƙa fitar da PSD lokaci-lokaci.

A GIMP ma lissafin yana aiki. Ki bar zurfin launin hoton a 8-bit, yadda ya zo. Idan kika mayar da shi 32-bit a ƙarƙashin Image, wancan 48MB ya ninka huɗu ya koma 192MB. Kuma in don intanet ne aikin, ki rage girman tun farko kafin ki tara leyoyi.

Safiya: Batun rage nauyin nan ya fi damuna. Fom ya ce kada hoto ya wuce 100KB, nawa kuma 4MB ne.

Lawal: Abu biyu ke sa nauyi: yawan fiksel, da kuma yadda aka matse fayil ɗin. Da fiksel ake farawa. A GIMP, datse tukuna da Shift da C, ki ja akwatin ki danna Enter. Sannan Image, Scale Image. Ki tabbata sarƙar da ke tsakanin faɗi da tsawo a haɗe take, in ta rabu fuska za ta miƙe ko ta baje. Ki sa faɗi 600, tsawon zai daidaita kansa. Sai Export As a jpg. A akwatin da zai fito ki sa alama a Show preview in image window, zai nuna miki nauyin fayil ɗin tun kafin ki ajiye. Fara da inganci 85. In bai sauka ba ki gwada 75. Idan sai kin kai ƙasa da 60 kafin ya shiga, to fiksel ɗin ne suka yi yawa, koma ki rage su, don daga nan ne ake fara ganin dabbare-dabbare a fuska da gefen rubutu.

Kada ki fitar da hoton kyamara a PNG kina neman sauƙi, zai fi na JPEG nauyi sau da yawa. PNG na tambari ne, da hoton allo, da abin da ke da wayam.

Anti Binta: Kuma kada ki taɓa ajiyewa a kan asalin. JPEG duk lokacin da aka buɗe aka gyara aka sake ajiyewa, sai ya zubar da wani abu, kuma ba ya dawowa. Folda uku: ta asali, ta fayilolin aiki, ta waɗanda aka fitar.

Ga wanda zai kai wa masu buga takarda kuma lissafin ya juya, fiksel ake nema. Ana so a samu 300 a kowane inci. Hoto mai inci 4 da 6 na buƙatar 1200 da 1800. Takardar A4 na buƙatar 2480 da 3508. Hoton fasfo mai milimita 35 da 45 kuwa 413 da 531 ne. Rubuta 300 a akwatin Print Size ba ya ƙara wa hoto komai, yana dai faɗa wa firinta girman da zai buga. Ƙaramin hoto in aka ja shi ya girma dishi-dishi zai yi, domin manhajar ƙirƙiro fiksel take yi daga maƙwabta. Idan madaba'a ta ce lallai sai CMYK, wato tsarin launin tawadar bugu, GIMP 3.0 na iya fitar da JPEG ko TIFF a haka, amma aikin kansa a RGB, tsarin launin allo, ake yi. Krita ce ke barin a yi aikin a CMYK tun daga farko.

Malam Iliya: Tunda an ambaci Krita, bari in raba su don kada ta sauke abin da ba nata ba. Krita ta masu zane da fenti ce, ƙarfinta a burushi yake, ta fi daɗi da allon zane mai alƙalami. Inkscape ta tambari ce da zanen da ake ƙara wa girma ba ya fashewa, domin layuka take lissafawa, ba fiksel ba, fayil ɗinta SVG. Duk mai son tambarin da zai hau ƙaramin kati ya kuma hau babban allo, can zai yi shi. Su darktable da RawTherapee na masu kyamarar da ke ɗaukar RAW ne, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ba sa cire baya ko ɗora rubutu yadda kike so. IrfanView ta duba hotuna ce da rage ɗaruruwa lokaci ɗaya, ana danna B ya buɗe wurin, amma kyautarta ta amfanin kai ce, mai sana'a sai ya sayi lasisi. Canva ta tsara fosta ce daga samfuran da aka riga aka shirya, sai da intanet da rajista, kuma wasu kayanta na masu biya ne.

Shawarata, Malama Safiya, ɗaya za ki ɗauka ki zauna a kanta. Bisa jerinki, GIMP. Na fahimci damuwar Malam Lawal, amma kayan aiki shida kawai kike buƙata a watan farko, sauran ki yi kamar ba ki gan su ba.

Magana ɗaya da nake so a ji da kyau: kada wani ya ba ki Photoshop ɗin da aka fasa. Tun 2013 Adobe ta koma tsarin biya wata-wata ko shekara-shekara, don haka duk "cikakkiyar Photoshop kyauta" da kika gani ta sata ce. Yawancinsu sai sun ce a kashe manhajar tsaro kafin a girka, kuma ta wannan ƙofar ake shigo da abin da ke kwashe kalmomin sirrin da ke cikin burauza. Haka Picasa: Google ta daina ta tun 2016, wadda ke yawo a shafuka yanzu ba daga gare su take ba.

Jamilu: Ga waya kuma Snapseed, ta Google ce tun 2012, babu talla babu tambari. Tana gyara haske da launi sosai, tana goge ƙananan tabo da Healing, tana miƙe hoton takardar da aka ɗauka a karkace da Perspective. Ba ta maye gurbin kwamfuta wajen cire baya ba.

Safiya: Na girka GIMP, na rage hoton ya koma 78KB, Allah ya saka da alheri. Saura hasken. Na ja Brightness sai hoton ya yi fari fat kamar hazo. Kuma yanzu burushi ya ƙi rubuta komai.

Malam Habibu: Madalla. Brightness yana ɗaga komai tare, har da baƙin, shi ya sa hazon. Ki bar shi, ki shiga Colors, sai Levels. Za ki ga zane kamar tudu, da ƙananan alamu uku a ƙasansa. Ki ja ta hagu, baƙar, zuwa inda tudun ya fara. Ki ja ta dama, farar, zuwa inda ya ƙare. Wannan kaɗai kan farfaɗo da hoto. Ta tsakiya tana kan 1.00, ki kai ta 1.20 ko 1.40 in fuska ce ta yi duhu, za ta haskaka ba tare da farin ya ƙone ba. Kada ki tura farar alamar cikin tudun, duk abin da ya faɗa bayanta ya zama fari zalla, zanen tufafi ya ɓace. In hoton ya yi ruwan ɗorawa saboda ƙwan lantarki, a cikin Levels ɗin akwai abin ɗibar launi na tsakiya, ki taɓa wani abu a hoton da kika san toka ne ko fari mara ƙyalli.

Ƙara kaifi shi ne na ƙarshe, bayan an rage girma: Filters, Enhance, Sharpen. Yana zuwa da Radius 3.0, ya yi yawa ga ƙaramin hoto, ki mayar 1.0, Amount 0.5. In kin ga farin layi ya fito a gefen abubuwa, kin wuce. Hoton da hannu ya girgiza wajen ɗauka kuwa wannan ba zai gyara shi ba.

Burushin kuma, ki duba waɗannan bi da bi. Mafi yawa wani ɗan zaɓe ne ya rage a wani lungu, GIMP kuma ba ta rubutu sai cikin zaɓe: danna Shift da Ctrl da A ya sake shi. In ba shi ba ne, duba ko leyar da kike kai ita ce ke sama kuma idonta a buɗe. Duba ko kan mayafi kike kina shafa fari a kan fari. Duba layin rawaya mai ɗigo-ɗigo, shi ne iyakar leyar, wajensa ba ya rubutuwa sai kin yi Layer to Image Size. In kin liƙa wani abu kika ga Floating Selection a jerin leyoyi, ki danna Ctrl da H ya zauna, ko ki mai da shi sabuwar leya.

Anti Binta: In kuma akwatunan gefe suka ɓace gaba ɗaya, maɓallin Tab ne aka taɓa, sake danna shi.

Kan rubutu, danna T, ja akwati, rubuta. Launi biyu da salon rubutu biyu sun isa fosta ɗaya. In bayan ya cika hayaniya, sa sabuwar leya tsakanin hoton da rubutun, cika wani yanki da baƙi, rage Opacity zuwa 50. Idan ɓ da ɗ da ƙ suka fito daban da sauran haruffa ko suka zama akwati, salon rubutun ne ba shi da su. Noto Sans, DejaVu Sans da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne.

Malam Iliya: Abu biyu na tsaro kafin ki fara turawa. Hoton waya kan ɗauki bayanan ranar da aka ɗauka, irin wayar, wani lokaci har da wurin. A akwatin fitarwa ki cire alamar Save Exif data. Sannan in za ki ɓoye lamba ko suna a jikin takarda, kada ki dishe shi, ana iya gano wasu. Ki rufe da baƙin akwati mai cikakken launi, ki fitar a JPEG ko PNG, kada ki tura XCF ɗin, domin leyar ƙasa tana nan a cikinsa.

Safiya: Zaɓen ne, na sake shi burushi ya dawo. Tambaya ta ƙarshe: na cire bayan wani hoto na fitar a PNG, amma da na tura ta WhatsApp sai bayan ya dawo da launi, hoton ma ya rage kyau.

Jamilu: Aikinki lafiya yake, Yaya Safiya. Idan aka tura a matsayin hoto, WhatsApp na matse shi ya mai da shi JPEG, wayam ɗin ya tafi. Ki danna alamar haɗa fayil, ki zaɓi Document, ki nemo PNG ɗin daga folda, zai isa yadda kika fitar da shi. In mai karɓa ya ce yana ganin baƙi a bayan, manhajar duba hoton wayarsa ce ke nuna wayam a haka, ya ɗora shi a kan wani hoton zai ga babu komai a wurin.